Ku Gama Dariyar, Sai Ku Ɗaga Jakar Yaron Nan

Na san abin da ake faɗa a majalisa tun kafin a gama karanta kanun nan. Wai duk matsalolin da suka yi wa ƙasa katutu, ga tsadar masara, ga kuɗin makaranta da aka ƙara, ga wutar lantarki da sai ta ga dama take leƙowa, wani ya rasa abin da zai ɓata tawada a kansa sai jakar ɗan firamare. Alhaji na can ƙarshen benci har ya gyara zaman hula, ya ɗauko tarihin da duk muka haddace: shi da ledar burodi ya yi firamare, mil huɗu a ƙasa, ba takalmi, ga shi yau ya aurar da 'ya'ya, bayansa bai taɓa ko ƙaiƙayi ba. Allah ya ƙara lafiya, Alhaji. Ba wanda ya ƙaryata ka, ko da yake mil ɗin nan ƙaruwa yake yi, bara uku ne. Tambayar ɗaya ce: me ke cikin ledar? Littafin rubutu biyu, guntun fensir da reza ta cinye rabinsa, sai ƙuli-ƙulin kwabo biyu. Ku 'yan UPE na 1976, littafin karatu ma a kabad ɗin hedimasta yake kwana, sai an shiga aji a raba, a tashi a karɓe. Kayan da iska za ta iya ɗauka ka ɗauka, don haka a daina yi mana gori da ƙarfin baya.

Yanzu a kira jikanka mai shekara shida, a zazzage tasa a kan tabarma. Kowane darasi da littafin karatunsa, da littafin aikin gida, da na rubutu mai falle 40 ko 60. A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar cewa ta rage yawan darussa a manhaja, amma bayan ragin ma ɗan aji ɗaya zuwa uku yana da darasi tara zuwa goma. Wannan fa sauƙin da aka samu ke nan. A ƙara da kular abinci, irin mai hawa biyu da Hajiya ta cika da taliya kamar yaron zai yi tafiyar Maiduguri, a ƙara da gorar ruwa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce cur, ba ragi. Takarda kuwa mayaudariya ce, falle ɗaya ba ka jin komai, amma rim ɗaya na takardar A4, falle 500, ya kai kilo biyu da rabi.

Ga lissafin da masu kula da lafiyar yara suka daɗe suna bayarwa. Jaka da abin da ke cikinta kada su wuce kashi 10 cikin ɗari na nauyin yaron. Wasu sun ce har 15, masu sassauci a cikin likitocin Amurka sun taɓa kai shi 20. Ɗan shekara shida yawanci yana wajen kilo 20, wato rabonsa kilo biyu, in an matsa uku. Kilo biyu ledar fiyawata huɗu ce. Ɗauki huɗu a hannun dama, ɗauki jakar a hagu, hannunka zai gaya maka gaskiya. In kuwa jakar ta kai kilo shida, yaron yana ɗauke da kashi 30 cikin ɗari na jikinsa. Kai mai kilo 70, kwatankwacinsa a jikinka kilo 21 ne, wato jarkar lita ashirin cike da ruwa da ɗan ɗori. Goya ta ka tafi ofis gobe da safe, ka dawo da ita da azahar, sannan mu ci gaba da dariyar tare.

Wanda ya ce ba shi da sikeli ma bai tsira ba. Akwai a kemis, akwai a wurin mai gas, akwai na rataye a hannun 'yan gwangwan da ke zagaya unguwa. Sai dai in na ɗan gwangwan za ka ara, duk abin da ya nuna ka ɗan ƙara a kai, domin kowa ya san sikelin mai saye bai cika son faɗin gaskiya duka ba.

Akwai wani a majalisar da ya fi Alhaji hatsari, shi ne mai waya a hannu, wanda ba ya barin magana ta wuce sai ya binciko ta. Na san abin da ya gano, bari in riga shi faɗa. A 2018 wata mujallar likitoci ta Birtaniya, British Journal of Sports Medicine, ta buga nazarin da ya tattara bincike 69 a kan jakar makaranta da ciwon baya, masu nazarin suka ce ba su ga gamsasshiyar hujjar da ta nuna jaka ce ke jawo wa yara ciwon baya ba. Haka ne, Malam, ka ci wannan. Har in ƙara maka: likitocin ƙashi sun ce jaka ba ta haifar da karkacewar ƙashin baya, kuma ba ta fitar wa yaro da doro. Duk mai shagon da ya ce ka sayi tasa mai tsada don kada ɗanka ya yi ƙusumbi, ciniki yake nema. Wannan kashi goma ɗin ma ba saukakke ba ne, ma'auni ne na hankali da aka ga ya dace. Amma ka lura da abin da aka ce. An ce ba a tabbatar tana jawo cuta ba, ba a ce babu wahala ba. Takalmin da ya matse ka ba zai gurgunta ka ba, duk da haka ba ka saya wa kanka shi. Yaron da ya sauke jaka ka ga shatar igiya ja a kafaɗarsa, ko ya ce hannunsa yana masa jin-jin, ko yana tafe a duƙe kai a gaba, ko sai yayarsa ta ɗora masa kafin ya iya miƙewa, wannan ba sai an jira mujalla daga Landan ta tabbatar ba. Ta gaban kafaɗa jijiyoyin hannu suka bi, siririyar igiya mai nauyi kuma daidai nan take dannawa. Sojoji masu goya kaya sun san wannan mutuwar hannun tun da daɗewa.

Sai mai cewa yaran ƙauye suna ɗaukar tulu da dammin itace, 'yan talla suna yini da faranti a ka, ba abin da ya same su. Ka tambaye su? Kuma tun yaushe wahalar ɗan wani ta zama abin koyi ga naka?

To, ni ba daga Turai zan ɗauko muku malami ba, yana cikin gidanku. Hajiya, ke da kika murguɗa baki kika ce wannan zancen 'yan boko ne, ke ce farfesar. Yaya kike goyo? Kin taɓa ɗaure jariri ya sauka yana lilo a kan ɗuwawunki? Ɗaga shi kike yi sama, ya kwanta lif a tsakiyar bayanki, ki ja zani ki tamke, ki kawo majanyi ki ƙara a ƙasa, har babu sararin da hannu zai shiga tsakaninku. Da ya fara zamewa kina ji a ƙugunki, ki tsaya ki duƙa ki ɗan cilla shi sama ki sake ɗauri. In 'yar raino ta goya shi a karkace, ɓari ɗaya, tun daga bakin ƙofa za ki daka mata tsawa. Dalilin da ya sa kike haka shi ne dalilin duka: nauyin da ya manne da baya jiki yana ɗaukarsa kamar nasa, wanda ya yi nesa ko ya yi ƙasa kuwa janyo mutum yake ta baya, dole ya sunkuya gaba don kada ya faɗi. Kin san wannan tun kina 'yar shekara tara kina goyon ƙaninki. Amma da safe sai ki tsaya a zaure kina ɗaga wa ɗanki hannu, jakarsa tana dukan bayan cinyarsa duk taku, ki ce Allah ya tsare.

Saboda haka jakar ƙwarai ita ce wadda za ta goyu. Faɗinta kada ya fi faɗin bayan yaron, samanta ya tsaya ƙasa kaɗan da kafaɗa, gindinta kada ya sauka ƙasa da ƙugu fiye da faɗin tafin hannu. Hannayenta biyu su zama masu faɗi, da soso a ciki, kuma masu ja da saki don a matse su daidai jiki. Bangon da ke taɓa baya shi ma a samu mai soso, saboda kusurwar littafi da ƙarfen kamfas ba su san ɗan gata ba. In da ƙaramin maɗauri a ƙirji ko bel a ƙugu, shi ne majanyin, a ɗaura shi, ba ado ba ne. Wajen shiri, manyan littattafai su jingina da bayan yaron, ƙanana su biyo, kula da gora su tsaya a aljihun gefe ko a riƙe a hannu in kaya sun yi yawa. Sannan hannu biyu aka yi mata, a sa duka biyun. Na san 'yan sakandare sun ɗauki rataya ta kafaɗa ɗaya a matsayin gayu. Gayun da ke sa mutum tafiya a karkace, sai ka ce wanda ya taka ƙaya.

Yanzu mu zo kan babban zunubin iyaye maza, wato "zai girma a cikinta". Da wannan kalma aka ɗinka wa yara wandon makaranta mai naɗi uku, da ita aka saya musu takalmin da sai an cusa tsumma. Wando dai ana naɗe shi, jaka fa? Uba ya shiga kasuwa ya zaɓo wadda za ta ɗauki kayan ɗan jami'a har da kwamfuta, wai ta kai yaron aji shida. Ka ga ɗan nazare yana tafe, ta baya ba ka ganin komai sai jaka da ƙafafu biyu. Abin dariyar shi ne jakar ba za ta ga aji shida ba, zif ɗinta ko zango biyu ba zai yi ba. Ka sayi girman shekara shida da ƙarkon wata shida. Kuma babbar jaka kiran kaya take yi, duk sararin da aka bari sai an sami abin cusawa.

Maganin wannan mai sauƙi ne, amma shi ne iyaye suka fi ƙi: a tafi kasuwar da yaron. Ba ka saya masa takalmi da ka, sai ka auna ƙafarsa ko da tsinken tsintsiya ne. In tafiya da shi ba za ta yiwu ba, auna bayansa da zare daga kafaɗa zuwa ƙugu, ka sa zaren a aljihu. In ya je, a sa littafi biyu uku a ciki, a goya masa, ya taka zuwa bakin shago ya dawo. 'Ya mace a gwada mata da hijabinta a jiki, domin yadin hijabi santsi gare shi, hannun jakar da ya zauna daram a kan riga yakan zame a kansa.

A Sabon Gari ko Ƙofar Wambai a Kano, ko Kasuwar Barci a Kaduna, da Satumba ta kama, jakunkuna har a ƙasa ake baje su. Na Maraɗi da Damagaram kuma nasu cinikin sai dab da Oktoba yake tashi. Kada launi ya ɗauke maka hankali, inda jaka take mutuwa wuri uku ne. Ja hannunta da ƙarfi daidai inda aka ɗinke shi da jiki, ka ga ko ɗinkin ninki ne ko layi ɗaya aka bi aka wuce. Zuge zif ɗin sau biyar, mai manyan haƙora ya fi mai ƙanana jure hannun yaro. Juya gindinta, shi ke shan ƙasa da ruwa, in yadin shara-shara ne ajiye ta. Ka ɗaga ta babu komai a ciki, in tun a haka ta yi nauyi, ta cinye rabon littattafai. Ka leƙa cikinta ka murza, in shafen roban da ke ciki yana ɓarɓashi a yatsa, ruwan ƙarshen damina zai shiga ya gaisa da littafin lissafi. Bakano zai yi duk wannan ya kuma taya rabin kuɗi har mai kaya ya ce albarka sau uku. Bazazzagi kuwa sai ya gama karanta takardar da ke jikin jakar tukuna.

Mai cewa babu kuɗi, da kai nake tun ɗazu, ban ce a sayi mai tsada ba. Sau da yawa jakar gwanjo da aka zaɓa ranar da aka fasa dila ta fi sabuwa mai ƙyalli ƙarko nesa ba kusa ba. A wanke ta, a shanya, a kai wa mai gyaran takalmi ya bi hannayen da zare mai kauri tun kafin su tsinke. Zif ɗin da ke buɗewa ta baya yawanci kansa ne ya saki, in aka ɗan matse shi da filaya ya koma aiki, mai cijewa kuma a goga masa kyandir. Telan unguwa ma, in ka ba shi yadi mai ƙarfi da soso, ka kai masa yaron ya auna, zai fitar da abin da ya fi na kanti zama a baya. Ƙasar da dukawanta suka ɗinka wa malamai gafaka tun kaka da kakanni, fatar jan akuyarta ta Sakkwato ta tsallaka Sahara har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko, ba a ce jakar ɗan aji biyu ta gagare ta ba.

Jaka mai taya kuwa, wadda ake ja kamar mai shirin hawa jirgin Jidda, don santsin daɓen filin jirgi aka yi ta. A layinmu mai yashi da kwata da tudun ƙasar da maƙwabci ya zube tun bara, mako biyu taya ɗaya ta ɓalle. Daga nan yaro ya koma goyon jakar da ƙarfenta da ragowar tayarta.

Da ka je da yaro ka san rigimar da ka saya. Shi Spider-Man yake so, ita kuma gimbiyar katun mai shuɗiyar riga, kuma irin waɗannan su ne roban gabansu ke tsagewa da rana ta gasa shi. Kada ka tsaya musu da ɗan shekara biyar a tsakiyar kasuwa, ba za ka ci ba, kuma 'yan kallo bayansa za su bi. Ka riga shi zaɓar uku da suka ci jarrabawarka, ka jera masa, ka ce ya ɗauki wadda ransa ke so. Shi ya tafi yana ganin shi ya yi zaɓi, kai ka tafi da kuɗinka a inda ya dace. 'Yan siyasa sun daɗe suna yi mana haka, kuma har yau muna fita layi.

Nan kuma ba wasa. Ragowar igiyar da ke reto a gefen jaka a naɗe ta ko a datse, saboda yaran da ake jerawa uku huɗu a bayan babur, igiya ɗaya ta isa ta shiga taya, haka ƙofar mota da ƙarfen Adaidaita Sahu. Sunan yaro a rubuta shi a ciki, ba ɓaro-ɓaro a waje ba, kada baƙon fuska ya karanta ya kira shi da suna kamar ɗan'uwa. In an sami mai launi mai haske ko mai ɗan layin nan da ke ƙyalli in fitila ta haska, a ɗauka, domin da sanyin safiya a cikin hazon hunturu direba ba ya hango ƙaramin yaro da wuri.

Ga kuma Islamiyya. Gidaje da yawa jaka ɗaya ce take boko da safe ta yi Islamiyya da yamma, kuma ba a sauke kayan safe, ɗori ake yi. Sai ka tarar da Alƙur'ani da Ahalari da Arba'una Hadisi a matse tsakanin kular da ta yi yoyon miya da takalmin motsa jiki. Ko ba ka yarda da likita ba, ai ka yarda da malam. A ware ƙaramar jaka ta yadi don karatun yamma, ko daga ragowar ɗinkin sallah ne.

Sauran laifin na makaranta ne, kuma nan ne iyaye suke zama kurame. An ba yaro jadawali, Litinin darasi biyar, amma yana ɗauke da littattafan mako duka, ko don malama ta ce kowa ya zo da komai kullum, ko don ba wanda ya zauna da shi da daddare ya ware na gobe. Ku masu kallon finafinan Indiya, ga wani labarin Indiya da ba rawa a ciki. Marubucin nan R. K. Narayan, da aka naɗa shi ɗan majalisar dattawan ƙasar, jawabin da ya tashi ya yi a zauren a kan nauyin jakar 'yan makaranta ne. Maganar ta kai ga kafa kwamiti a ƙarƙashin Farfesa Yash Pal, wanda ya miƙa rahoto a 1993. A 2020 kuma ma'aikatar ilimin ƙasar ta fitar da manufa sukutum a kan jakar makaranta: kada ta wuce kashi 10 cikin ɗari na nauyin ɗalibi, makarantu su ajiye sikeli su riƙa aunawa, su tanadi ruwan sha don yara su huta da dakon gora, 'yan ƙasa da firamare kuma babu jaka sam. Ƙasa mai mutum fiye da biliyan ɗaya ba ta ga abin ya yi mata ƙanƙanta ba. Mu kuwa a taron iyaye da malamai, awa biyu za a kashe a kan kuɗin bikin yaye 'yan nazare da launin ankon iyaye, ba mai ɗaga hannu ya tambaya ko za a kafa kanta a bayan aji a riƙa barin manyan littattafai.

Kakanni, ban manta da ku ba. A Japan akwai jakar 'yan firamare da suke kira randoseru, mai tauri kamar akwati, ana saye sau ɗaya ta yi wa yaro shekara shida, kuɗinta dubun-dubatar yen, kuma a al'adarsu sau da yawa kaka ne ke biya. Na faɗa ne kawai don jikoki su ji. Wanda ke kiran yarinya "amaryata" kullum yana tsokanarta, to ga lefe ya samu.

Abu na ƙarshe ba ya cin ko sisi. Duk ranar Juma'a a kife jakar a zazzage. Za a sha mamaki: duwatsun 'yar carafke, murafun lemo, mataccen batir, guntun burodin da ya yi gashi, takardun jarrabawar zangon da ya wuce waɗanda aka ɓoye saboda jan biro ya yi yawa, da wasiƙar da makaranta ta aiko tun watan jiya tana gayyatarku taro. A can ƙasa kuma, Hajiya, akwai cokulanki guda uku da aka yi wata biyu ana zargin almajirin gidan da su. In ya zo ɗaukar kwano da daddare, a nemi afuwarsa, a kuma ƙara masa nama.